Bushin kunnen tsohuwar jitar bes: a auna rami kafin a taɓa katako

Tsohuwar jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, da ta faɗo hannun mutum daga kasuwar gwanjo irin Haraj Sawarikh a Jidda, ko Haraj Bin Ƙasim a Riyad, da wuya a same ta da kayan kanta cikakku. Abin da ya fi ɓacewa shi ne ɗan zoben ƙarfen nan da ke zaune a bakin kowane rami a kan jitar, wato katakon da ke ƙarshen wuyanta, wanda turken tsirkiya ke ratsawa ta cikinsa. Makanikan gida suna ce wa irinsa bushin, a warshoshin nan Saudiyya kuwa jilba ake cewa, sunan da ake kiran na ƙafar mota da shi. Ƙarami ne, ba ya cika tafin hannu, amma rashinsa na iya lalata kunnen da ya shekara hamsin yana aiki lafiya.

Don mu fahimci juna tun daga farko: kunne nake kiran na'urar ɗaure tsirkiya gaba ɗayanta, wato mariƙin da ake murɗawa, da giyar da ke baya, da farantin da aka ɗaure da sukurori. Turke shi ne sandan ƙarfen da ya ɓullo ta gaba, wanda tsirkiya ke naɗuwa a jikinsa. Bushin yana da jiki, wanda ke shiga cikin katako, da leɓe, wanda ke kwanciya a kan fenti.

Jitar bes mai tsawon inci 34, wato milimita 864 daga kan wuya zuwa gada, inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, idan aka sa mata tsirkiyoyin da aka saba da su masu lambar kauri 45 zuwa 105, kowace tsirkiya tana jan turkenta da nauyin da ya kai kilo 18 zuwa 23. Huɗun a haɗe sun tasam ma kilo 80. Wannan ja ba ya hutawa dare da rana, kuma gefe ɗaya yake yi. Turke yana da madafa biyu ne kawai, faranti a baya da bushin a gaba. Idan na gaba ya tafi, ko ya yi yawa, sai turken ya karkata zuwa wajen wuya, haƙoran giya su daina haɗuwa daidai da na murɗaɗɗen sandan da ke juya su, kunnen ya yi tauri a wani wuri ya yi sako-sako a wani. Daga nan tagullar giyar ta fara cinyewa. Turken kuma yana cin bangon ramin har ya mai da shi kamar ƙwai, sukurorin baya su fara tumɓukewa. Mutum zai yi ta canza tsirkiya yana zaton ita ce ba ta riƙe sauti, alhali ciwon yana wani wuri. Akwai kuma ƙarar zizar nan da ake ji idan an kaɗa tsirkiya ba a danne ba. Kaɗa ta, ka ɗora yatsa a kan leɓen bushin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙarar ta ɗauke da ka taɓa shi, shi ne mai laifin.

Ra'ayina a wannan aiki ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi: ƙarfe ake gyarawa ya dace da katako, ba katako ake yankawa ya dace da ƙarfe ba. Bushin ana saye, ana ƙerawa, idan ya ɓaci a jefar a yi wani. Kan jitar da aka sassaƙa a 1965 ba shi da na biyu, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa yadda yake. Da yawa daga cikin tsoffin jitocin da darajarsu ta faɗi, ba tsufa ne ya kayar da su ba, wani ne ya sayo kunne sabo, ya ga bai shiga ba, ya ɗauko injin huda.

Iri biyu ne a duniyar bes. Na farko shi ne na dannawa: jikinsa yana da tsaga-tsaga a tsaye, ana tura shi cikin rami ya kama katako da kansa. Shi ke tafiya da kunnuwa masu buɗaɗɗiyar giya, irin na Precision Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1951 da Jazz Bass na 1960, da tarin jitocin da aka kwaikwaya daga gare su. Na biyu shi ne mai zare, wanda yake kamar noti mai dogon wuya: ana zura shi ta gaba tare da washa, ya ɗauru cikin jikin kunnen da ke baya, su matse katako a tsakaninsu. Wannan na rufaffun kunnuwa ne na baya-bayan nan. Ba a musanya ɗaya da ɗaya. Zan fi tsayawa a kan na dannawa, don shi ne ke jikin tsoffin kaya, kuma shi ne ke ba da wahala.

Wahalar daga awo take. Amurka da inci take aiki, Jamus da Italiya da Japan da milimita. Ramin babban kunne irin na Fender ana ƙiyasta shi a inci 11/16, wato milimita 17.46. Ramin ƙananan rufaffun kunnuwa yana wajen milimita 14, ko inci 9/16 wanda ya yi daidai da 14.29. Kaurin turke kuma, a manyan kunnuwa, yana kaiwa da komowa tsakanin rabin inci, wato 12.7, da milimita 14. Ka ga ke nan bushin biyu na iya yin kama ɗaya a hoto, kowanne an rubuta masa cewa na tsohuwar bes ne, amma ɗaya ya shige rami ya bar turke yana rawa, ɗayan ya ƙi shiga sam. Idan jitar ta Japan ce ta shekarun 1960 da 1970, irin su Teisco da Guyatone, ko waɗanda masana'antun Matsumoku da Fujigen suka yi da sunaye daban-daban, to kada ka dogara da kowace lamba da ka karanta a intanet. Haka Eko ta Italiya, da Musima ta Jamus ta Gabas, da Jolana ta tsohuwar Chekoslobakiya. Höfner 500/1 kuwa ƙananan kunnuwa ne a jikinta kusan irin na jita mai tsirkiya shida. Naka ramin za ka auna.

Sai an samu ma'auni mai baki, wanda 'yan warsha ke kira kalibar ko ƙadama, zai fi kyau mai nuna lamba har zuwa 0.01 na milimita. Rula ba ta wannan aiki. Rufe bakinsa ka tabbatar yana kan sifili kafin ka fara. Ga abin da za a rubuta a takarda, kuma kowane rami da layinsa, daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya: faɗin ramin ta gaba, faɗinsa ta baya, kaurin turke a daidai inda bushin ke riƙe shi, kaurin katakon kan jitar, da faɗin tabon da tsohon leɓe ya bari a kan fenti. Dalilin auna gaba da baya shi ne wasu ramuka hawa biyu ne, faffaɗa ta gaba inda bushin ke zama, matsattse ta baya. Idan haka ne, auna zurfin hawan da wutsiyar ma'aunin. Turke kuma kada a auna shi a ƙugunsa inda tsirkiya ke naɗuwa, don can an fafe shi. Ƙasa da nan ake aunawa. A juya shi a auna wuri biyu ko uku, saboda gefen da ya sha ja yakan cinye.

Faɗin ramin ta gaba sau biyu ake auna shi: sau ɗaya a bin tsawon wuya, sau ɗaya a gicciye. A nan ne yanayin ƙasar nan ke shigowa, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Katako kusan ba ya motsi a tsawonsa, amma a faɗinsa yana kumbura yana tsukewa gwargwadon damshin iska. Katakon mapul, wanda aka fi yin wuyan bes da shi, idan an yanka shi a kwance yana canza faɗi da kusan kashi 0.35 cikin ɗari a duk lokacin da ruwan da ke jikinsa ya canza da kashi ɗaya cikin ɗari. A iska mai damshin kashi 65 cikin ɗari, irin wadda ba baƙuwa ba ce a Jidda, katako yana zama da ruwa kusan kashi 12. A iska mai damshin kashi 20, wadda Riyad ke yin ƙasa da ita ma da rani, ruwan yana sauka zuwa wajen kashi 4 da rabi. Lissafa wannan a kan rami mai milimita 17.5, za ka samu bambancin da ya haura milimita 0.4 a gicciye. Bushin kuwa duk abin da yake kama katako da shi bai wuce 0.1 zuwa 0.2 ba. Wato motsin katakon ya ninka riƙon.

Abin da ke faruwa ke nan: idan katako ya bushe, ramin ya tsuke ya shaƙe ƙarfen, ƙarfe kuma ba ya ja da baya. Ko dai zaren katakon ya murƙushe, ko kan jitar ya tsage daga rami zuwa rami. Idan murƙushewa ya yi, ran da damshi ya dawo ramin zai buɗe fiye da da, sai bushin ya fara fitowa da kansa. Shi ya sa jitar da ta yi zama a ɗakin ajiya mai zafi, aka kawo ta ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, aka sake kai ta bakin teku, take zubar da bushin ɗinta. Saboda haka kada ka auna jita ranar da ka sayo ta. Bar ta mako biyu a ɗakin da za ta zauna, tsirkiyoyi a sassauce. In da hali a riƙe damshin ɗakin tsakanin kashi 45 da 55. Ɗan agogon auna damshi ba shi da tsada, kuma ya fi amfani a cikin akwatin jitar. Mutumin Makka ko Madina ya ɗauki kansa a sahun masu busasshiyar iska, ba sahun Jidda ba, duk da kusancin Makka da ita.

Idan akwai bushin ko da guda ɗaya da ya rage, dukiya ce, don shi ne samfurin da za a kai wa maƙeri. Cire shi yana buƙatar haƙuri. Kada a cusa sukudireba ƙarƙashin leɓe a ɓanɓare ta gaba. Fenti zai ɓalle, kuma tabon ba ya gyaruwa. Da farko a kwance kunnen daga baya, a ajiye sukurorinsa a kofi. Sannan a zagaye gefen leɓen da sabuwar reza a hankali, don raba shi da fentin da ya manne masa. Wannan ya fi muhimmanci a jitocin da aka fesa wa tsohon fentin naitiro, irin wanda Fender ke amfani da shi kafin ƙarshen shekarun 1960, domin yana da gautsi kamar ɓawon ƙwai.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a haɗa ɗan majayi: bolti mai lamba M8 mai tsawon santimita 8 zuwa 10, washa wadda za ta shiga ramin ta baya ta tokari gindin bushin ba tare da ta taɓa bangon katako ba, soket na sifana wanda bakinsa ya fi leɓen faɗi, babbar washa, da noti. A zura boltin daga baya, a kifa soket ɗin a kan leɓen ta gaba, a sa guntun fata ko kwali mai kauri da aka huda tsakanin soket da fenti, sannan a ɗaure notin sannu a hankali. Bushin zai taso a miƙe ya shige cikin soket. In babu waɗannan, ana iya tura shi daga baya da guntun sandan katako da ƙananan bugu, ana zagayawa, amma sai an tallafe fuskar kan jitar a kan katako mai rami da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Bugu ɗaya mai ƙarfi a gefe ɗaya shi ke tsaga baki.

Da lambobi a hannu, sai a fara da neman na saye, don ya fi sauƙi idan an dace. Gotoh da Hosco na Japan, Schaller na Jamus, Hipshot da Allparts da StewMac na Amurka, duk suna da bushin na bes, kuma Thomann na Jamus na sayar da kayan da yawa daga cikinsu. Tsoffin na asali kan fito a kasuwannin intanet na Reverb da eBay. Abin dubawa shi ne zanen awo, ba sunan jita ba. Mai sayarwar da bai rubuta faɗin waje da na ciki ba, a aika masa ya auna ya turo hoton ma'aunin a jikin kayan. Akwai kuma waɗanda ake kira bushin na sauyi, masu kaurin bango, waɗanda aka yi don babban rami da siririn turke. Su ne maganin jitar da wani ya riga ya faɗaɗa wa rami. A tuna da kuɗin jigila da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a nan tun 2020, don sau da yawa su biyun sun fi kuɗin kayan. A kula da launi ma: nikel yana da ɗan ɗumi mai karkata zuwa rawaya kuma yana dusashewa da shekaru, kurom yana da haske mai karkata zuwa shuɗi. Sabon kurom a gefen tsohon nikel yana tsone ido.

Idan ba a dace ba, sai makharata, wato shagon masu injin gyare ƙarfe. A wannan fanni mazauna nan sun yi sa'a, domin kowace sina'iyya, wato unguwar warshoshi, tana da masu injin gyare ƙarfe waɗanda aikinsu ke nan kullum, yi wa motoci da famfuna jilba. Matsalar kawai ita ce sun saba da ƙarfe cikin ƙarfe, inda ake matsewa da injin dannawa. Dole ka faɗa masa tun farko: "Ya mu'allim, cikin katako za ta shiga, kuma katakon tsoho ne." Ka je da zane a takarda mai lambobi a milimita, da kunne guda ɗaya, da tsohon bushin in akwai. Lamba ba ta buƙatar tafinta, ko Balarabe ne maƙerin ko ɗan Fakistan. Jitar kanta a bar ta a gida.

Ga misali da za a gina a kai. A ce rami ya ba da 17.50 a tsaye da 17.40 a gicciye, turke kuma 14.00. Faɗin ciki zai zama 14.10, wato sararin 0.10, ƙasa da 0.05 turke zai cije idan ƙura ta shiga, sama da 0.20 zai karkata. Faɗin waje a kan tsaga-tsaga zai zama 17.55 zuwa 17.60. A rami mai siffar ƙwai, a kan ƙaramar lambar ake lissafi, kada matsin ya wuce 0.2 a can, saboda matsi a gicciye shi ne ke tsaga katako kamar yadda gatari ke yi. Tsawon jiki a ƙarƙashin leɓe milimita 8 zuwa 10 ya isa, kuma lalle ya gaza kaurin katakon da aƙalla milimita 2, in ba haka ba zai tokari farantin baya ya hana kunne kwanciya. Faɗin leɓe ya bi tsohon tabon, ko ya ɗara shi da rabin milimita don ya rufe shi. Gindin jikin a fiƙe shi kaɗan, kamar milimita ɗaya, don ya sami hanyar shiga. Bakin ramin ciki ma a kashe masa kaifi sama da ƙasa.

Tsarin aikin a kan inji yana da muhimmanci. A misalinmu kaurin bango bai kai milimita 2 ba, kuma abin yin tsaga-tsaga danna ƙarfe yake yi da ƙarfi, ba yanka ba. Idan aka fafe ciki tukuna, bangon zai lotsa. Don haka a fara gyare waje daga sanda mai milimita 25, a bar shi ƙasa da lambar ƙarshe da kamar 0.2 zuwa 0.3 tunda tsaga-tsaga na ƙara faɗi, a yi tsagar, a auna, a ɗan share kanta zuwa lambar da ake so. Bayan nan a huda da milimita 13, a fafe zuwa 14.10, a gwada da turken da ka kawo tun kayan na kan inji, sannan a yanke. Tsagar ta zama miƙaƙƙiya a bin tsawon jiki. Mai gicciye irin ta mariƙin sifana tana aiki kamar magagari, tana kankare bangon rami yayin shiga, ta bar shi ya fi da faɗi.

Ka sa a yi shida maimakon huɗu, ƙarin kuɗin kaɗan ne tunda an riga an saita inji. Na farko na gwaji ne. Nemi guntun katakon da a nan ake kira zan a wajen kafinta, wanda taurinsa ya yi kusa da na mapul, a huda shi daidai da faɗin ramin jitarka, a danna bushin a ga yadda ya shiga. Idan ramukan jitar sun bambanta da juna da fiye da 0.1, kowanne a yi masa nasa, a sa lamba a gindinsa da alƙalami.

Wane ƙarfe? Tagulla rawaya, wadda suke kira nuhas asfar, ita ce ta fi daɗin gyarewa, kuma tana zamewa lafiya a jikin turken ƙarfe. Aibinta shi ne launi, da kuma yin kore a iskar gishiri. Ana iya kai ta wajen masu rufi da nikel, amma rufin yana ƙara kauri ciki da waje, don haka a bar masa sararin 0.03 zuwa 0.05 a faɗin ciki, a sake gwadawa bayan an karɓo. Ga mazaunin Jidda ko Yanbu ko Dammam, ni na fi son sitil marar tsatsa: lamba 303 ta fi sauƙin yanka, 316 ta fi jure gishiri. Idan aka goge shi da samfefa mai lamba 600, sannan 1200, aka bi da man goge ƙarfe, yana zama kusa da tsohon nikel ba tare da rufi ba. Alminiyom yana da sauƙi da arha, amma yana da laushi, kuma idan ya haɗu da wani ƙarfe a damshi mai gishiri yana fitar da farin gari. Robar injiniya da ake kira asital ko Delrin tana gyaruwa da kyau kuma ba ta ƙara, sai dai kamanninta ba na tsohuwar jita ba ne. Nailan yana shan ruwa ya kumbura. Na bugawa da firinta mai fitar da siffa kuwa, idan da robar PLA ne, tana laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana ke kaiwa da rani a ƙasar nan. Ya yi amfani a matsayin samfurin gwada awo, ba na zama ba.

Wani lokaci bushin na asali suna nan, sako-sako kawai suka yi. A nan ba a buƙatar sabo, kuma na asali ya fi kowanne daraja. Idan ratar ba ta wuce 0.1 zuwa 0.2 ba, a rufe fentin da ke kewaye da tef na takarda, a shafa siririn sufa gulu a bangon ramin da tsinken auduga, a bar shi ya bushe sarai na awa ɗaya ko fiye, a gwada. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Gam ɗin yana taurara zaren da ya murƙushe yana kuma rage faɗin. A lura: bango ake shafawa a bari ya bushe, ba manna bushin ake yi ba. Ɗigo ɗaya a kan fentin naitiro yana cin sa, sinadarin asiton ɗin da za a ce a goge da shi kuma narkar da fentin yake yi gaba ɗaya. Idan ratar ta kai rabin milimita ko fiye, a yanka siririn ɓawon katako mai kaurin 0.5 zuwa 0.6, irin wanda kafintoci ke rufe fuskar kabad da shi, a jiƙa shi ya lanƙwasu, a manna shi a bangon da farin gam na katako, a cusa abin da zai matse shi har kwana ɗaya, sannan a share da samfefa da aka naɗe a sanda. Gam ɗin ifoksi kada ya kusanci wurin nan. Wanda zai zo cirewa bayan shekara ashirin, da naman katako zai fito.

Idan sabon bushin ne ya ɗan fi ƙarfin rami, a koma wa ƙarfen: a zura shi a bolti, a ɗaure a bakin injin huda, a juya shi a jikin magagari mai laushi, ana aunawa bayan kowane ɗan lokaci. Abin da kawai na yarda a cire daga ramin shi ne tsohon fenti da dattin da suka taru a baki, da samfefa mai lamba 220, da hannu. Bakin huda na yau da kullum idan ya shiga ramin da ya riga ya kasance, cafka yake yi ya fizgi katako.

Sakawa juyin cirewa ce. Boltin nan dai, amma yanzu babbar washa da fata suna baya, wata washa mai laushin fuska tana kan leɓe. A fara tura bushin da yatsa. Ya kamata kashi ɗaya cikin uku na jikinsa ya shiga da ƙarfin babban yatsa kawai. In bai kai haka ba, ya yi yawa, a tsaya. In na asali ne, a juya shi har tsagarsa ta faɗa cikin tsoffin sawunta. A ɗaure noti rabin juyi, a duba ta gefe biyu ko yana miƙe, a ƙara. A saurara da kyau: ƙarar ƙas, ko da 'yar ƙarama, alamar a sassauta nan take ce. Da leɓe ya taɓa fenti an gama, ƙarin matsi zobe zai bari. Wuyan mahogani, dangin maɗacin gida, irin na Gibson EB-0 da EB-3, ya fi mapul laushi, yana karɓar matsi da sauƙi amma yana lotsawa da sauri, don haka fatar da ke baya ta zama mai kauri. Guduma ba ta da gurbi a wannan mataki.

Bushin ne ke nuna wa kunne mazauninsa, shi ya sa shi ake fara sawa. A zura turke, a ga farantin ya kwanta, a duba ko ramukan sukurori sun yi daidai da na da. In sun kauce ko da rabin milimita, kada a tilasta. Sukuru zai ja turken gefe ya cije. A cike tsoffin ramukan da tsinken sakace da gam, a bari ya kwana, a sake hudawa da baki mai milimita 1.5 zuwa 2 gwargwadon kaurin sukurun, a naɗa tef a jikin bakin a daidai zurfin da ake so don kada ya ɓulla ta fuska. A goga wa zaren sukuru kyandir ko busasshen sabulu. Tsoffin sukurori suna karyewa cikin mapul, kuma ciro karyayye aiki ne mai cin rai. A ɗaure su huɗun rabi-rabi, a murɗa kunne a ji yana juyawa sumul, sannan a ƙarasa. Ɗan giris kamar kan ashana a haƙoran giya ya isa. Mai yawa yana tara ƙurar da iskar nan ba ta rabuwa da ita.

Game da mai zare, abu biyu ne kawai. Zarensa ba iri ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, don haka a kai wa maƙeri kunnen ya auna da ma'aunin zare, kada a gwada da ƙarfi, domin jikin kunnen zubi ne mai laushi kuma zarensa na tsigewa. Ɗaurinsa kuma da soket a hannu, ya kama, a ƙara ɗan kaɗan. A busasshiyar iska katako na rage kauri, notin ya saki, sai a riƙa dubawa idan yanayi ya juya.

Tsirkiyoyi a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, naɗin yana gangarowa ƙasa, zagaye biyu zuwa uku, amma na ƙarshe kada ya hau kan leɓe, don yana iya ɗaga shi ko ya goge shi. Bayan an kai sauti, a kalli kowane turke ta gefe a jikin haske: ya tsaya a miƙe, leɓe kuma ya kwanta ko'ina. A gwada zura gefen takarda ƙarƙashin leɓen ta ɓangaren da ke nesa da wuya, don nan ne yake fara ɗagawa. A sake wannan gwaji bayan mako biyu, da kuma farkon lokacin da aka fara kunna mukayyif dare da rana. Takardar awon da bushin biyun da suka rage a sa su a ƙaramar leda a aljihun akwatin jitar, a rubuta ranar da aka auna da damshin ɗakin a wannan rana.